Kujeru Dubu Arba'in

Baba Shela yana shafa gam a bayan takarda ta goma sha biyu lokacin da bas ya tsaya a tashar ya juye mutane. Babu wanda ya dube shi. Ya ɗaga takardar ya manna ta a bango, a ƙarƙashin wani ƙaton hoton ɗan wasa na babbar gasar da aka kammala makonni uku da suka wuce. Rana ta riga ta cinye launin hoton, ruwan sama ya ɓare masa kusurwa ɗaya, amma duk da haka takardar Baba Shela ko takalmin ɗan wasan ba ta rufe ba. Abin da ke jikinta kaɗan ne: kulob ɗin gari zai buga wasansa na farko a sabon fili, yau da ƙarfe huɗu, a zo da iyali.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tare da wannan kulob. Shi ne mai riƙe abin magana a fili, mai karanta sunayen 'yan wasa kafin a take ƙwallo, mai faɗin wanda ya ci da wanda aka canza, mai cigiyar makullin da ya faɗi da mai motar da ta tare hanya. Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Manna takarda ba aikinsa ba ne. Shi ya ɗora wa kansa, tun ranar da Mai Kulob ya tara ma'aikata a ofis ya yi musu magana ba kwana-kwana.

"Wasu mutane daga wani gari suna son kulob ɗin nan, da 'yan wasansa da gurbinsa," in ji Mai Kulob a ranar. "Na ce su dakata. An ce gasar nan ta koya wa garinmu son ƙwallo. To, ranar Asabar za mu gani. In mutum dubu biyar suka shigo fili, zan ba su haƙuri. In ba su shigo ba, kada wanda ya ga laifina."

Baba Shela har dariya ya yi. Dubu biyar, a filin da ke cin dubu arba'in? Ai shi ganau ne. Wata guda cur garin ya yi yana rawa. Ƙasashe sun zo da tutocinsu da gangunansu, tituna sun cika da baƙi, tsofaffin da ba su taɓa sanin ƙwallo zagaye take ba suna gardama a kan alƙalin wasa. Domin wannan gasa aka rushe tsohon filin kulob ɗin, mai benci na katako da rumfar kwano, aka mayar da shi wurin ajiye motoci. Domin ita aka ajiye Baba Shela a gefe, aka kawo wata mai jin harsuna uku ta riƙe abin magana. Bai riƙe kowa a zuciya ba. Ya ce in dai garin zai koyi zuwa fili, to an ci riba.

Ya rufe robar gam ɗin, ya goge yatsunsa da tsumma, ya tsallaka titi zuwa shagon mai aski.

Mai askin nan, lokacin gasa, shi ne uban gayya. Har tutocin ƙasashe yake zanawa a kawunan samari, kuma da bakinsa ya yi wa Baba Shela alkawarin zai zo da mutum goma. Yanzu yana tsaye a kan kujera yana gyara wayar talabijin, mutum uku na zaune suna jiran layi.

"Baba Shela da kansa. Sannu da zuwa, ga wuri."

"Ba zama na zo ba. Tuni na zo yi maka. Ƙarfe huɗu ne, ƙofa ta biyu ta fi kusa da tasha."

Mai aski ya sauko, ya sosa ƙeya. "Wato Baba, yau ɗin ce ta zo da matsala. Ka san manyan kulob biyu na waje za su kara da huɗu da rabi. Shagon nan cika zai yi. In na rufe na tafi, gobe wani shagon za su koma."

"Mutum goman fa?"

"Ai su ne masu zuwa kallon."

Ɗaya daga cikin masu jiran layi, wani mai ƙaton agogo, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma mu fa yanzu idonmu ya buɗe. Mun ga ƙwallo ta gaske da idonmu. 'Yan wasanku in suna bin ƙwallo sai ka ce kaji an watsa musu tsaba."

Aka yi dariya. Baba Shela ma ya murmusa.

"Kajin dai na gidanku ne," ya ce. "Mai lamba tara ɗan layinku ne, uwarsa ce ke ɗinka wa matarka kaya. Waɗancan na talabijin, ko faɗuwa ka yi a gabansu ba su san sunan da za su kira ba."

"Ai shi ya sa nake son su," in ji mai agogo. "Ba ruwansu da ni, ba ruwana da su, sai daɗin kallo."

Mai aski ya rako shi har bakin ƙofa, ya karɓi takarda ɗaya ya ce zai manna a madubi. Da Baba Shela ya waiga daga tsallaken titi, sai ya hango shi ya ninke ta biyu yana kwashe gashi da ita daga kan kanta.

A gida ya tarar matarsa ta goge masa shuɗiyar kwat ɗinsa ta aiki, ta rataye a bayan ƙofa. Tana zaune a tsakar ɗaki ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa a faranti. A wuyan kujerar da ke bayanta akwai gyalen magoya baya da ta saya lokacin gasa, na wata ƙasa da ko a taswira ba za ta iya nuna ta ba. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa taka filin kulob ba, amma a watan gasar ita ce mai tara matan maƙwabta a gaban talabijin, har muryarta ta dishe.

"Na ajiye miki kujera a inuwa," ya ce yana cire takalmi. "Kusa da matakala, ba sai kin hau da yawa ba."

Ba ta ɗago ba. "Maigida, in faɗa maka gaskiya, ko in faɗi abin da kake son ji?"

"Tun yaushe kika fara tambaya?"

"Ni fa ba ƙwallon nake so ba. Na ɗauka ita nake so, sai da aka watse na gane. Taron nake so. Ka fita titi kowa na yi wa kowa dariya, baƙo ya tare ka yana tambayar hanya da hannu, maƙwabciyar da muka shekara ba ma magana ta shigo ta zauna a nan. Wannan nake so. Yau in na je, me zan gani? Mutum ashirin da biyu na gudu, ni kuma gwiwata na ciwo."

"Da haka ake farawa."

"Wataƙila." Ta ture faranti gefe, ta dube shi. "Ka ci wani abu kafin ka fita. Kuma komai ya faru yau, ka dawo min da ƙafarka. Ba kai ka gina filin ba."

Ya ci kaɗan don kada ta yi magana. Ya sa kwat ɗin, ya hau bas zuwa asibiti.

A ɗaki na huɗu, gado na kusa da taga, Gola yake kwance. Shekara goma sha huɗu ya tsare wa kulob ɗin raga a tsohon fili, daga baya ya koma horar da masu tsaron gida, kuma duk tsawon lokacin nan shi da Baba Shela ba su taɓa cin abincin ranar wasa a rabe ba. Saura wata biyu a fara gasa ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ya fi kowa ɗokin ganin sabon fili bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Hannun daman da ya sha ture ƙwallo yanzu yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Autarsa ce ke jinyarsa, mace mai 'ya'ya biyu da ta bar aikinta ta tare a asibitin.

"Kawu, tun safe yake duban ƙofa," in ji Auta, ta tashi ta ba shi kujera. "Ya ƙi shan magani sai da na ce masa kana hanya."

Baba Shela ya zauna ya kama hannun hagun abokinsa. "Raggo. Ranar wasa kana kwance. Wa ka bar wa ragar?"

Gefen bakin Gola ya motsa. Maganarsa yanzu a hankali take fita, kalma ɗaya sai ta jira 'yar uwarta. "Ka... sa... kwat."

"Na sa. Ta ƙara matse ni, matar nan ta rantse sai ta ga bayana da abinci."

"Za a... cika?"

Baba Shela ya dubi kwalbar ruwan da ke rataye a kan gadon. "Gari duk ya ɗauka. Yanzu na fito daga shagon mai aski, maganar ƙwallo kawai ake yi."

Gola ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, Auta ta share masa da gefen tawul. Ta ce likita ya ce hakan yana faruwa, ba lallai kuka ba ne.

"Shekara... talatin," in ji Gola. "Muna... cewa... wata rana."

"To ga ranar ta zo, kai kuma ka zo ka kwanta."

Gola ya ja hannunsa, alamar ya matso. Abin da yake so bai da yawa. Gidan rediyo ba ya sa wasan kulob ɗin gari. Yana so in an fara, Baba Shela ya kira wayar Auta ya ajiye tasa a bakin taga, ya bar ta a buɗe. Ba sai ya yi magana ba. Yana so ne kawai ya ji yadda mutum dubu arba'in suke kiran sunan kulob ɗinsu.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Baba Shela. Da ya fito, sai da ya tsaya a barandar asibitin ya dafa ƙarfe na ɗan lokaci kafin ya sauka.

Ƙarfe uku ya isa fili. Daga nesa ginin yana sheƙi kamar sabon kwano. Ƙofofi goma sha shida ne, biyu aka buɗe. A gaban ta biyun ma'aikatan tikiti suna zaune a inuwa suna hira, wani mai sayar da ruwan sanyi ya kifa kai a kan akwatinsa.

Ɗakin shela yana can sama, bayan gilashi, da kujeru masu juyawa da allon maɓallai da ya kai tsawon gado. Injiniyan sauti, wani mai furfura a gemu da ya yi aiki a nan lokacin gasa, ya nuna masa maɓallin da zai danna in zai yi magana. Baba Shela ya tsaya a gaban gilashin. Ciyawa kore shar, layuka fari fat, kujeru ja da fari sun zagaye fili hawa uku. Bai taɓa ganin wuri mai kyau haka ba.

Uku da rabi, tsofaffin magoya baya suka fara shigowa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ko daga sama: mai ganga da ƙaninsa, direbobin tasha, malamin makarantar da ke zuwa da littafi yana rubuta sakamakon kowane wasa, iyayen 'yan wasa. A tsohon fili in suka taru sukan cika rumfa har su yi kama da jama'a. A nan suka zauna a kusurwa ɗaya kamar ɗigon shayi a kan farar riga. Ya riƙa duban ƙofa ta biyu. Mutane sun ci gaba da shigowa, bibbiyu, uku-uku, sannan suka tsaya.

Huɗu saura biyar ya danna maɓalli ya yi wa jama'a maraba. Muryarsa ta fita ta lasifika sittin, ta bugi kujerun da ba kowa, ta dawo masa sau biyu. Ya karanta sunayen 'yan wasa yadda ya saba, yana jan sunan ƙarshe yana barin fili don a amsa. Aka amsa daga kusurwa ɗaya, siririyar amsa kamar daga ƙasan rijiya.

Alƙalin wasa ya hura usur. Baba Shela ya fito da waya, ya riƙe ta ya fi minti biyar bai kira ba. Ita ce ma ta yi ƙara a hannunsa.

"Kawu, an fara? Baba na ta nuna agogo."

"An fara. Ga shi, bari in ajiye a taga."

Ya zuge gilashin ya ajiye wayar. Iska, sai gangar mutum ɗaya. Bayan ɗan lokaci ya ji muryar Auta ƙasa-ƙasa tana kira, ya ɗauka.

"Kawu, ya ce ba ya jin komai. Ko wayar ce?"

Injiniyan sauti yana jin su. Ya gane abin da ake ciki ba tare da an yi masa bayani ba. Ya taɓa kafaɗar Baba Shela, ya yi magana a hankali. "Ina da sautin 'yan kallo na wasan ƙarshe na gasa, na ɗauka na ajiye. Ba sai na sa a fili ba. Ga ƙaramar lasifika nan a kan tebur, ka kara wayar kawai."

Baba Shela ya dubi ƙaramar lasifikar, ya dubi wayar. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa shelar abin da bai faru ba. Ya gyaɗa kai.

Ɗakin ya cika da rugugin mutum dubu arba'in, kamar ruwan sama a kan kwano, da tafi, da busa, da wata waƙa da ke tashi tana sauka. Ya kara wayar, ya juya baya ga gilashin. Minti ɗaya, minti biyu. Sai ya ji ana magana a cikin wayar, ya kai kunne.

"Kawu." Auta ce. "Ya ce a kashe."

Injiniya ya kashe.

"Ya ce wannan waƙar ba tamu ba ce. Ya ce bai san harshen ba." Ana jin numfashin Gola da ƙoƙarinsa na haɗa kalmomi. "Ya ce ka mayar da wayar taga. Ya ce ba komai."

Baba Shela ya mayar da wayar bakin taga, ya zauna kusa da ita. A filin da babu jama'a komai ana ji: ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, numfashin mai gudu, koci yana zagin ɗan bayansa. Mai tsaron gidan kulob ɗin, wanda Gola ya horar tun yana ɗan sha biyar, yana ta daka wa 'yan bayansa tsawa, ku fito, ku fito, hagu, bar min ita.

Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Auta ta sake magana. "Ya ce yana jin yaronsa. Ya ce muryarsa ta yi ƙarfi, haka ake so." Ta ja hanci. "Ya gaji, Kawu. Nas ta ce a bar shi ya huta. Zan kashe."

"Ki ce masa zan shigo gobe."

"Ya ji ka."

A minti na saba'in aka miƙo masa 'yar takarda daga ƙofa, kamar yadda aka saba, mai ɗauke da adadin 'yan kallo. Ɗari shida da goma sha ɗaya. Injiniya ya leƙa ya ce, "Ba dole ba ne ka faɗa." Baba Shela ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya danna maɓalli.

"Jama'a, yau mu ɗari shida da goma sha ɗaya ne a filin nan. Kulob yana gode wa kowane ɗayanku da ya baro abin da yake yi ya zo."

Mai ganga ya buga sau uku. A rumfar manyan baƙi, Mai Kulob ya tashi ya gyara rigarsa ya shige ciki.

Saura minti takwas a tashi, mai lamba tara ya kufce ya zura ƙwallo a raga. Kusurwar magoya baya ta miƙe, amma kafin ihun ya yi nisa suka hango tutar mataimakin alƙali a sama, suka koma suka zauna suna tsaki. Satar gida. Mutum ɗaya ce ba ta zauna ba. Can a hawa na biyu, nesa da kowa, wata mata ita kaɗai ta ci gaba da tsalle tana kaɗa jakarta a sama, har aka ci gaba da wasa ba ta sani ba. Wasu suka juya suna nuna ta suna dariya. Da ta lura, sai ta tsaya da jakar a hannu, ta dubi allon da bai canza ba, ta zauna a hankali.

Aka tashi babu ci.

A kan matakala ya haɗu da Mai Kulob, waya a kunnensa. Ya sauke ta da ya ga Baba Shela.

"Ka gani da idonka."

"Na gani."

"Na so ace ba haka ba, wallahi. Mahaifina ne ya fara kai ni tsohon fili." Ya dubi ƙasa. "Ranar Litinin za a sa hannu. Sauran wasannin a can garin za a buga. Suna da mai shelarsu, amma zan yi musu maganarka."

"Kada ka wahalar da kanka. Sunayen mutanen can ban san yadda ake jan su ba."

Mai Kulob ya miƙa masa hannu, suka gaisa, ya wuce.

Baba Shela bai bi ta ƙofar ma'aikata ba. Ya ratsa ta cikin kujeru, yana so ya taka wurin sau ɗaya da ƙafarsa. Rana ta karkata, inuwar rumfa ta rufe rabin ciyawa. Kowa ya fita, sai matar nan ta hawa na biyu, tana zaune da jakarta a cinya. Za ta yi shekara hamsin da wani abu, da tabarau mai kauri da takalmin mai yawan tsayuwa. Da ta ga kwat ɗinsa sai ta miƙe.

"Sannu, malam. Kai ne mai maganar nan?"

"Ni ne, baiwar Allah."

"To don Allah kai zan tambaya, don na ga waɗancan dariya suke min. Ƙwallon nan ta shiga raga, da idona na gani. Me ya sa aka ce ba a ci ba?"

"Ba ki saba zuwa ba ke nan."

"Wannan ne zuwana na biyu." Ta koma ta zauna, shi ma ya zauna, kujera ɗaya a tsakaninsu. Ta ce zare da maɓallai take sayarwa a kasuwa. Lokacin gasa wata mai sayen kaya a wurinta ta ba ta tikiti saboda tafiya ta kama ta, ita kuma ta zo don kada ya lalace. "Ban san komai ba. Amma akwai wani lokaci da wani ya ɗaga ƙwallon sama, tun kafin ta sauko na ga ɗan uwansa ya fara gudu zuwa inda za ta faɗi. Babu wanda ya gaya masa. Na ce yaya aka yi ya sani? Na koma gida na kasa daina tunanin abin. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, yara duk sun yi nisa. Rabon da in kwana ina ɗokin wani abu har na manta. Da aka gama gasa na yi ta tambaya a kasuwa ko shi ke nan, sai wani ya ce ai akwai na gari."

"Kuma na garin bai ba ki kunya ba? Ana cewa kamar kaji suke."

"Ni ban ga kaji ba. Mai lamba taran nan ma ya yi irin gudun, sau biyu. Abokansa ne ba su gan shi ba."

Baba Shela ya dube ta da kyau. Gaskiya ne, sau biyu ne, shi ma ya gani.

Ya laluba aljihu ya fito da makullin gidansa da biro da murfin robar ruwa, ya jera su a kan kujerar da ke tsakaninsu. Makulli shi ne mai tsaron gida, biro ɗan baya na ƙarshe, murfi mai lamba tara. Ya nuna mata cewa a daidai lokacin da aka bugo masa ƙwallo, bai kamata murfi ya riga biro kusa da raga ba. In ya riga shi, ya yi satar gida. Ta sa ya maimaita. Ta ɗauki murfin da kanta ta ja shi baya kaɗan.

"Da a nan ya tsaya fa?"

"Da mun ci."

"Taki ɗaya kawai." Ta girgiza kai, ta yi 'yar dariya. "To yanzu na gane. Wasa na gaba ba mai yi min dariya. Yaushe ne? In sani tun yanzu in sami mai tsare min rumfa."

Baba Shela ya juya biron a hannunsa. Yau ya riga ya gwada ƙarya sau ɗaya.

"Babu na gaba," ya ce. "An sayar da kulob ɗin. Wani gari za su koma."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar. "Saboda mutane ba su zo ba?"

"Saboda haka."

"Garin da nisa?"

"Awa shida a bas."

Ta dubi fili, inda wasu ma'aikata biyu ke kwance raga daga jikin turaku. Tikitinta yana hannunta, ta ninke shi ta sa a jaka.

"Ashe a makare na zo," ta ce.

Daga ƙasan matakala mai gadi ya kaɗa makullansa, ya ɗaga murya ya ce za a rufe ƙofa. Matar ta fara tattara jakarta, sai kuma ta tsaya.

"Akwai sauran dokokin da ban sani ba?"

"Da yawa."

Baba Shela ya ɗaga wa mai gadi hannu. "Ba mu minti goma," ya ce. Ya ɗauki murfin ya kai shi can ƙarshen kujerar, ya ajiye a kusurwa. "To, ki duba nan. In ɗan baya ne ya fitar da ƙwallo ta bayan ragarsu, daga nan ake bugowa."